Shekarar da Muka Yi Jarrabawa a Bakin Gona

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar zafin garinmu Garwa, irin zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da azahar. Kogin Binuwai ya janye ya bar rairayi fari fat, yara na buga ƙwallo a inda kwale-kwale ke bi da damina. Shekaranjiya da la'asar ina kishingiɗe a zaure, na jiƙa tsumma na ɗora a ka, sai ga jikata Hauwa ta dawo daga lekol, wato makarantar boko, tana kumbure-kumbure. Wai madam ɗinsu, malamar ajin, ta ajiye waya a kan tebur, tana kiran su ɗaya bayan ɗaya su yi karatu, wayar na ƙirga lokaci. Hauwa ta tsaya a kan wata kalma don ta gane ta, wayar ta yi ƙara, aka ce ta koma ta zauna.

Na ce, "To, me labarin yake cewa?"

Ta zayyano mini shi tsaf da Hausa, ba ta bar komai ba.

"Madam ta tambaye ki wannan?"

"Ba ta tambayi kowa ba, Kaka."

Ban ga laifin madam ɗin ba, don na san yadda ajinsu yake cike maƙil. Sai dai maganar ta ɗauke ni ta kai ni wani azumin, wanda shi ma ya faɗo a bazara, shekaru masu yawa da suka wuce.

Ina saurayi a lokacin, sabon malami, aka tura ni wani ƙauye a gindin duwatsu bayan garin Gidar. Makarantar rumfunan zana ce, kuma a aji huɗu take tsayawa. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshen shekara sai ya wuce Gidar, amma guraben da ake ba mu kaɗan ne. A shekarun ƙoshi ba wanda ya damu da su, har wasu iyayen murna suke yi in ɗansu ya faɗi ya koma gona. Wannan shekarar kuwa daban take, domin an ce a makarantar Gidar ana ba yara abincin rana.

Daminar da ta gabata ba ta yi ba. Dawa ta bushe a tsaye tun ba ta fid da kai ba, masakwa ma, dawar rani ta fadama, ba ta mayar da iri ba. Kafin bazara ta kai tsakiya rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye. Mata kan sauko daga dutse tun da sassafe su tona rairayin mayo, wato busasshen rafin da ya ratsa ƙauyen, su zauna suna jiran ruwa ya tsatso, a kwashe da ɗan ƙoƙo. Ana dafa busasshen ganyen tafasa da dusa a kira shi abinci. Yara kan zo aji da goruba a aljihu suna gwaguya, leɓunansu fari. Da hantsi ya ɗaga sai ka ga kawuna suna zubewa a kan benci. Na daina tashin masu barci, don na lura wanda ya yi barci ba ya kukan ciki.

A gidan Alhaji Garba aka sauke ni. Ɗan kasuwa ne, kakansa daga ƙasar Kano ya zo da fatauci kamar nawa kakan, shi ya sa tun ranar farko ya ce mini, "Malam Sabo, gida ka zo." Yana sayar da gishiri da kanwa da atamfa, kuma a shekarar shi kaɗai ke da hatsi a ɗaka. Da asuba a miƙo mini ɗumamen tuwo in yi sahur. In tafi makaranta, in dawo da azahar harshe ya manne a ganɗa, in kwanta a kan daɓe har inuwa ta juya. Da magariba mu zauna a tabarma ɗaya da shi, ga kunun tsamiya, ga ɗan ƙosai. Duk ƙauyen an san abin da nake ci da wanda yake ba ni. In na bi ta kasuwa, manoman dutse, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne, sukan gaishe ni da ladabi, amma idonsu na kan kumatuna da ba su faɗa ba.

Ajina kuwa kasuwar harsuna ce. Wasu Daba, wasu Fali, ga 'ya'yan Fulani, ga 'yan Hausawa kaɗan. A waje Fulatanci ke haɗa su, a ciki kuma Faransanci kawai aka yarda a yi. Jarrabawar karatu hanya ɗaya gare ta tun kafin in zo: yaro ya miƙe, a buɗe masa littafin aji, ya karanta da ƙarfi. Wanda harshensa ya yi gudu shi ne gwani.

Gwanin ajin shi ne Nasiru, ɗan Alhaji Garba. In ya fara karatu sai ka ce ruwa ke gangarowa. Ni ma da farko yana burge ni, har ranar da na buɗe masa littafi, shafi biyu suka manne da gumi ban lura ba. Yaron nan ya ci gaba da karanta shafin da ba ya gabansa, har da tsayawa inda ake tsayawa. Daga ranar na sa masa ido. Sai na gane da yamma yakan ja wani abokinsa bayan rumbu, ya ba shi ƙosai, abokin ya yi ta karanta masa, shi kuma yana haddacewa. Kansa ya saba da hadda tun daga makarantar allo, sau biyu ya ishe shi. Na ce a raina wannan lalaci ne da wayo.

A can ƙarshen benci kuma akwai Marta, 'yar wani manomi mai suna Bulus. I'ina gare ta mai tsanani. In aka ce ta miƙe, sai kalmar farko ta maƙale, wuyanta ya kumbura, yara su fashe da dariya, ta zauna. Malaman da suka gabace ni sun daɗe da yanke cewa ba ta iya komai ba. Wata ranar kasuwa na gan ta zaune gefen itacen da ubanta ke sayarwa. Wata tsohuwa ta kawo kwalin magani tana juya shi. Marta ta karɓa, ta yi shiru tana duba rubutun, sannan ta ɗaga yatsu, ta nuna gabas, ta nuna yamma, wato a sha safe da maraice. Na matsa na karɓi kwalin na duba. Abin da ta nuna shi ne a rubuce.

Na je na sami Darakta, shugaban makarantarmu. Dattijo ne mutumin kudu, mai tabarau, ba ya jin Hausa, Fulatancinsa ma na sayen albasa ne. Na ce masa ina so bana a canza yadda ake gwada karatu. A kawo rubutun da ba wanda ya taɓa gani. Yaro ya karanta a zuci ya aikata abin da takardar ta ce. Sannan ya faɗi abin da ya fahimta da harshen da ya fi masa sauƙi.

Ya sauke tabarau ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wa kake so ka tsallakar?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "Na daɗe a aikin nan. Ban taɓa ganin malami ya nemi a canza jarrabawa ana gab da yin ta ba, sai in akwai yaron da yake so. Kana cin abincin mutum, ɗansa na ajinka."

Na ba shi labarin shafukan da suka manne, da na kwalin magani. Bai ce ya yarda ba. Ya ce in dai za a yi, shi zai rubuta komai da hannunsa a ranar, ba zan gani ba sai tare da yara, kuma karatu da ƙarfi yana nan daram, don shi hukuma ta sani.

Ban san yadda maganar ta fita ba, amma kafin kasuwa ta zagayo kowa ya ji, kuma kowa ya ji ta yadda ta fi tsorata shi.

Alhaji ne ya fara. Mun sha ruwa, mun yi salla, ya tura mini farantin ƙosai gabana, sannan ya ce, "Malam Sabo, na ji an ce littafin da yara suka shekara suna karantawa ba shi za a tambaye su ba."

Na ce, "Haka ne, Baba Alhaji."

"Ikon Allah. A ce mutum ya nome gona, ranar girbi a kai shi wata gonar. Wa ya kawo wannan shawara? Mutanen mishan?"

"Ni ne."

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Akwai abin da aka yi maka a gidan nan da bai yi maka daɗi ba?"

Na rantse masa babu. Na so in gaya masa abin da na gani game da Nasiru, sai na tuna ɗan mutum ne, kuma ƙosansa na hannuna. Na ce dai duk yaron da ya iya karatu ba abin da zai same shi. Ya ce, "Allah ya sa," amma bai ƙara kallona ba har muka tashi.

Washegari ina fitowa daga aji na tarar da Bulus a tsaye a rana, gatari a kafaɗa. Dogo ne, yunwa ta fito da ƙasusuwan wuyansa. Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana fita sarai.

Ya ce, "Metir," haka suke kiran malami, "an ce yaro zai faɗi abin da ya karanta da yarensa."

Na ce haka nake so.

"Kana jin Daba?"

"A'a."

"Darakta yana ji?"

"A'a."

"To yaren wa zai ci? Ɗan Alhaji zai yi maka Hausa ka ce ya iya. Tawa ta yi nata, ku kalli juna. Dā ma bakinta a ɗaure yake, yanzu kuma an ƙaro wata igiyar."

Na ce masa ai saboda irin Marta na kawo shawarar. Ya yi wani murmushi da ba na daɗi ba. "Saboda Marta. Me ta taɓa yi maka?"

Na ce a samo wanda zai yi tafinta. Ya ce duk mai jin Daba a ƙauyen nan ko yana da ɗa a ajin, ko yana da ɗan ɗan'uwa, kuma in aka kawo shi Alhaji ne zai ce ana gyara wa yara amsa. Gaskiya ya faɗa. Na koma wurin Darakta muka cire wannan ɓangaren, muka sa a madadinsa yaro ya rubuta gajeriyar amsa a ɗan allonsa. Akwai yara biyu da har yau nakan yi tunanin da an bar su sun yi magana da harshen gida, da wataƙila sun wuce. Amma ba mu da kunnen da kowa zai yarda da shi.

Kwanakin nan sama ta yi ta yaudarar mu. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su fito da tukwane, sai ya watse. Zafi ya ƙaru, ya zama mai ɗanko, riga ta manne a baya. Mutane sun daina doguwar gaisuwa. Kowa na riƙe da ɗan irin da ya ɓoye a tulu ya toshe da toka, yara na kuka, ba a taɓa shi.

Ana gobe jarrabawa, da la'asar sakaliya, ruwan ya sauko. Iska ce ta fara zuwa ta yaye rumfunan makaranta ta watsa zanar a dawa, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Na tsaya a ƙofar zaure ina azumi, ruwa na zuba a gabana, maƙogwarona na motsi shi kaɗai. Kafin magariba mayo ya kawo, muna jin rurinsa daga gida.

Da safe na je makaranta na tarar da Darakta a tsaye cikin kango, da 'ya'yan 'yan kasuwa kaɗan a tsugune. Duk 'ya'yan manoma suna gona. Ruwan shuka ba ya jiran kowa, wanda ya bari ƙasa ta sha iska ya yi asarar shekara.

Darakta ya ce, "Ranar da aka sa ita ce yau. Wanda bai zo ba ya faɗi."

Na ce masa in aka yi haka, har abada za a ce mun haɗa baki da Alhaji, har da hadarin. Ya dubi bencinan da suka jiƙe, ya dubi yaran. Ya ce, "To je ka kawo su."

Ban kawo su ba, mu muka bi su. Gonakin gindin dutse a jere suke, kuma gayya ake yi, a gama ta wannan a shiga ta wancan. Na naɗe wando na karɓi sungumi. Maza na gaba suna sara, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafa, rana kuma ta fito tana dafa tururin da ke tashi. Ban saba ba, kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, idona na ganin duhu-duhu. Ba wanda ya ce mini sannu. Na ji wata mata ta yi magana da yarensu aka yi dariya, daga baya aka gaya mini cewa ta yi, "Ku ƙirga irinku, malamin Alhaji ya shigo gona." Da suka tsaya shan ruwan dusa, sai suka juya mini baya don kada in gani. Ban sani ba ko kara ce suka yi wa mai azumi, ko kunyar abin da suke sha.

Bayan azahar aka gama gonar Bulus. Aka ɗauko allon makaranta aka jingina shi a jikin wata tsamiya a bakin gonar. Iyaye suka ƙi tafiya, suka zauna a kan duwatsu da lakarsu. Alhaji ma ya zo da lema, aka shimfiɗa masa buzu a gefe guda. Darakta ya juya wa kowa baya ya yi rubuce-rubucensa a ƙananan takardu, ya ninke, ya zuba a hularsa. Ni aka ce in zauna nesa, kada in yi tari, kada in yi motsi.

An fara da karatu da ƙarfi daga sabon rubutu. Marta ta miƙe, kalmar farko ta maƙale kamar kullum, ta yi ta fama har Darakta ya ce ta zauna. Bulus ya kalle ni, kallon da ke cewa ai dā ma na sani. Sai aka zo kan hula. Ta zaro takarda, ta duba, ba ta ko motsa leɓe ba. Ta taka ta je ta ɗauki sungumi ta kwantar da shi a gaban allo, ta tsinko ganyen tsamiya ta ɗora a kai, ta zagaya bishiyar ta hagu, ta dawo ta tsaya da ƙafa ɗaya. Mutane suka kwashe da dariya. Darakta ya karɓi takardar ya karanta a fili, wani ya fassara. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Wani daga ɓangaren 'yan kasuwa ya ce an gaya mata ne. Darakta ya miƙa masa hular ya ce ya zaɓar mata wata da hannunsa. Ya zaɓa. Ta sake yi.

Can aka zo kan Nasiru. Ya karɓi takarda, ya miƙar da hannu ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, ya matso da ita, ya sake nisantawa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ba abin da ya fito. Ni a raina na ce yau asirin wayo ya tonu.

Darakta bai ce ya zauna ba. Ya tsaya yana kallon yadda yaron ke riƙe da takardar. Sai ya ɗauki alli ya rubuta jimla ɗaya a allo da manyan baƙaƙe, ya ja Nasiru baya, ya ce ya karanta. Yaron ya fara haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, a hankali kamar mai tsallake rafi, har ya kai ƙarshe. Daga nan dattijon ya cire tabaransa ya ɗora masa a hanci, ya mayar masa da takardar. Nasiru ya zabura, ya ɗago ya kalle mu, ya sake duba takardar, sai ya fashe da kuka. Ashe tun da ya shiga makaranta bai taɓa ganin ƙananan baƙaƙen littafi a rarrabe ba. Ya ɗauka haka kowa ke ganin su, kuma kowa haddacewa yake yi.

Alhaji ya miƙe ya naɗe buzunsa da kansa. Ya ce, "An tara mutanen dutse don a nuna musu ɗana makaho ne." Ya kama hannun yaron suka tafi.

Da aka haɗa sakamako, Marta ta shiga cikin masu zuwa Gidar, duk da ba ta sami komai ba a karatu da ƙarfi. Nasiru bai shiga ba. Ya san baƙaƙe, amma bai saba bin su ba, sai da ya maimaita shekara. An kai shi Garwa an yanka masa tabarau, kuma shekarar da ta biyo shi ne na biyu a ajin. Wannan bai wanke ni a wurin ubansa ba. Tun daren jarrabawar aka daina shimfiɗa mini tabarma kusa da tasa, aka koma aiko mini kunu a ɗaki, kullum yana ƙara tsinkewa. Ban jira an ce in tashi ba. Na kwashe kayana na koma wani ɗan ɗaki kusa da makaranta, a can na ƙarasa azumin da gasasshen rogo da ruwan mayo. Ranar idi muka haɗu da Alhaji, ya ba ni hannu yana kallon wani wajen. Har ya bar duniya yana cewa ni da Darakta mun sayar da gurbin ɗansa, abin da bai gano ba kawai shi ne wanda ya saya.

Mutanen dutse ma ba su ce na kyauta ba. Wasu suka ce faɗa muka yi da Alhaji a kan wani abu, na rama a kan ɗansa. Wasu suka ce a jira a gani, Bahaushe ba ya shuka inda ba zai girba ba. Damina ta yi kyau a shekarar, amma kafin sabon hatsi ya nuna an sha wuya fiye da ta bazara, ana noma da ciki wayam. Duk tsawon lokacin Bulus bai taɓa tako ƙofata ba. In mun haɗu a hanya ya ce, "Metir," in ce, "Baba Bulus," kowa ya wuce.

Sai da kaka ta yi, Marta ta riga ta tafi Gidar, wata safiya na ji an jefar da abu mai nauyi a ƙofar ɗakina. Na fito na ga damin jar dawa, Bulus na tsaye a kansa yana share gumi. Na waiga in ga ko akwai mai kallo. Na ce masa ba zan karɓa ba, za a ce abin da aka daɗe ana nema ne ya fito.

Ya ce, "Su ce. Ni tun ranar tsamiya nake jira ka zo ka faɗi abin da kake so. Na ce wa uwarta, zai zo, ko akuya ko gona ko wani abu. Damina ta wuce ba ka zo ba."

Na ce, "Ba abin da nake so, Baba Bulus."

Ya daɗe yana dubana, kamar mai duba hajar da aka yi wa arha fiye da kima. Sannan ya tura damin da ƙafa zuwa cikin ɗakin.

"Ajiye wannan tukuna," ya ce. "In ka tuna, ka san gidana."